Allurar 'yan China da hawan jinin idon Baba

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kuna lafiya, ya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi.

Ka tambaye ni batun allurar gargajiyar 'yan China da aka ce tana warkar da hawan jinin ido, har ana shawarar a haɗa kuɗi a kawo Baba nan Guangzhou. Na bi diddigin abin sosai.

Sana'a ce mai tsari. Tana da asibitocinta na gwamnati, masu yinta kuma sai sun yi karatu sun samu lasisi. Allurai ne sirara kamar gashi, sababbi a leda, a tsira su gefen gira da ƙeya da hannu da ƙafa, a bar mutum kwance minti 20 zuwa 30. Tsaftar ta burge ni ƙwarai. Da wanzamanmu masu ƙaho za su riƙa canja aska haka, da an rage cututtuka da yawa.

Sai dai hawan jinin ido aikin asibitin ido ne ko a nan, irin cibiyar Zhongshan ta Jami'ar Sun Yat-sen. Ta waya ake kama layi, a biya ta manhajar waya ta WeChat, a auna matsin idon, wanda ake so ya tsaya tsakanin 10 zuwa 21, a duba jijiyar gani. Magungunan ɗigawa kuwa su timolol da latanoprost ne, waɗanda ake rubuta wa Baba a Kano. Allura ƙari ce kawai ga mai so. Binciken da aka yi bai tabbatar tana hana makanta ba, jijiyar da ta mutu kuma ba ta dawowa. Wannan ne ya sa hankalina ya tashi da na ji wai Baba zai dakata da ɗigawa har ya zo. Don Allah kada ya fasa ko na kwana ɗaya.

Inda suka fi mu nesa ba kusa ba shi ne wutar lantarki. Latanoprost da ba a buɗe ba firij yake so, don haka ku saya a kantin da ke da sola ko janareta.

Kuɗin jirgin nan a sa shi a magani da awon ido, a asibitin ECWA na Kano ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Kai ma ka wuce 40, ciwon kuma yana bin jini, galibi ba a jin zafinsa har ya ci gani. Ka je a auna ka, ka tafi da Yaya Babba. Zan turo nawa kason ƙarshen wata in sha Allah.

A gaida Inna da yara.