Madarumfa, Tsibiri ko Jiratawa: ina za a kai baƙo yini guda?

In baƙo ya sauka Maraɗi, galibi kasuwa ake kai shi ran Litinin ko Juma'a, a ce an gama. Alhali garuruwa uku na nan kusa da za a je a dawo kafin magariba, kuma abin da ke sa a zaɓi ɗaya a bar saura shi ne lokacin shekara da abin da ake son ci.

Madarumfa ce ta fi cika yini. Tana kudu da Maraɗi, tafiyar kilomita ashirin da ƴan kai. Abin kallonta tafki ne da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi, waɗanda tun 2006 Nijar ta shigar cikin jerin wuraren da take neman UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da su a matsayin wuraren tarihi na duniya. Daga ƙarshen damina zuwa tsakiyar hunturu tafkin na cike, tsuntsaye sun sauka, masunta na fitowa da kifi tun da hantsi. Da bazara ruwan ya ja baya, sai taɓo da rana, kuɗin mota ma bai fita ba. Mai son ziyarar kaburbura ya nemi ɗan gari ya raka shi, don a warwatse suke, wasu ba alamar da baƙo zai gane. Kuɗin kwalekwale a yanke shi tun a gaɓa, a kuma faɗa ko na mutum ɗaya ne ko na jirgin duka, domin nan rigima ke tashi. Yara kada su shiga wanka: ruwan da ke kwance shi ke ɗauke da tsargiya.

Kifin kuwa a zaɓe shi ɗanye, a sa a soya a gabanka. Ɗaga murfin kunnensa, cikin ya zama ja, ido garau, in ka danna tsokar da yatsa ta dawo. Duba man da ke kasko. In ya yi baƙi, an daɗe ana juya shi, ɗacinsa zai bi kifin. Karfasa ta fi daɗi a soye amma ƙaya gare ta, don haka tarwaɗa ta fi dacewa da yara da tsofaffi. Na tsaraba kuma a sayi banda, soyayye ba ya jure zafin mota.

Tsibiri daban take. Tana kan hanyar Ƙonni, kusa ƙwarai, adaidaita ko kabu-kabu ma ya isa. Nan Gobirawa suka kafa sabuwar hedikwata bayan yaƙin Gawakuke da suka yi da Sakkwato a 1836, kuma har yau nan fadar Sarkin Gobir take, da sarautar Inna, babbar sarautar mata a Gobir. Gaskiyar magana, a ranar da ba hidima awa biyu sun ishe ka: gaisuwa a fada, zagayen gari, shi ke nan. Ranar hawan salla ce take biyan wahala, da dawaki da algaita da kirari. Fada ba a faɗa mata kai tsaye. A nemi iso wurin dogarai, a cire takalmi, kada a ɗaga waya ɗaukar hoto sai an yarda.

Abin saye a wannan hanya nama ne, tsire ko kilishi. Jan kilishi ya sha labu da yaji, fari ya fi sauƙi ga mai gyambon ciki. Kowanne ne, a karya gefe a gani: mai kyau ƙaras yake karyewa, wanda ke lanƙwasa bai gama bushewa ba. A naɗe shi a takarda. Leda na sa shi gumi, cikin ƴan kwanaki ya yi fumfuna.

Jiratawa ba ta da fada mai jan baƙi ko tafki, lambuna ne na noman rani, kuma zogale ya yi mata suna. Tunda ita ma kudu take, a haɗa ta da fitar Madarumfa, a tsaya da safe lokacin da ake tsinka. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da albasa a ci shi nan take, in ya yini cikin zafi tsami yake yi. Busasshe ana auna shi da tiya. A zuba hannu har ƙasan buhu, don can yashi da itatuwa ke taruwa.

Kada a haɗa Tsibiri da Madarumfa rana ɗaya, hanyoyinsu sun saɓa. Masu zuwa kudu kuma su tambayi direbobin tasha halin hanya tun da safe, saboda ƴan bindiga sun sha addabar ƙauyukan bakin iyaka, su kuma kamo hanyar gida da la'asar.