Gyaran waya a Garwa: wa za ka kai wa don kar ku ƙare da rigima?

Jama'a duk mai riƙe da waya a Garwa ko Marwa ya san watan Maris da Afrilu kakar masu gyara ce, zafi ya kumbura batir har ya ɗago sikirin, bakin caji ya toshe da ƙura, ga wuta tana zuwa tana ɗaukewa. To idan waya ta lalace wurare huɗu ne dai ake kaiwa, ni kuma ba zan ɓoye muku ba, mai shago tsayayye a kasuwa wanda zai buɗe ta a gabanka shi ne nawa.

Dalili kuwa rigimar gyara kusan kullum iri ɗaya ce, kai ka ce sikirin kaɗai ya fashe, shi ya ce wallahi haka ya same ta ba ta ji, babu shaida. Mai shago yana biyan haya, maƙwabta sun san shi, gobe ma nan za ka same shi, kuma idan abu ya ɓaci akwai manyan kasuwa da za a kai ƙara. Nagari a cikinsu zai ce maka "Alhaji zauna ka gani", ya ɗora ta a kan injin ɗumama gam, ya ɓamɓare gilashin a hankali, ya jera ƙananan kusoshin a kan maganaɗisu, ya gwada sabon sikirin kafin ya manne, sannan ya miƙo maka tsohon a leda. Wanda ya ƙi ba ka tsohon kayanka, ɗauki wayarka ka yi gaba.

Yaran da ke kafa tebur da lema a bakin titi, a ba su manna gilashin kariya ko share bakin caji, iyakarsu ke nan. Carlcare, wato cibiyar gyaran Tecno da Itel da Infinix, nan ya kamata ka nufa in garanti bai ƙare ba, don da zarar wani ya buɗe ta garantin ya tashi, sai dai ka shirya jira. Aikawa a mota zuwa Yawunde ko Duwala ko Farm Center ta Kano kuwa ni ban yarda ba, ta bi hannu uku ko huɗu, in ta dawo da tsaga wa za ka kama?

Abin da ya fi ci min rai shi ne musanyar kaya. Na taɓa barin Samsung ɗina ta kwana wajen wani, mun yi ciniki sefa 25,000 a kan sikirin orijinal, da safe ya ce ai ya tarar ruwa ya shiga sai na ƙara 10,000, na biya, na dawo gida yatsa ya daina buɗe ta, hasken ya dusashe in na fita rana, batir kuma kafin la'asar ya mutu. Ashe kwafi ya sa min. Irin wayoyin nan masu karanta yatsa a cikin gilashi sikirinsu irin wanda ake kira OLED ne, in aka sa mai arha da ake kira LCD a madadinsa zanen yatsa ba zai ƙara aiki ba, kuma wannan ba ya gyaruwa da filashin, wato sake ɗora wa waya manhajarta, duk abin da za a faɗa maka. Masu iPhone ku shiga saiti wurin bayanin waya, tun daga manhajarta ta iOS 15.2 tana nuna idan an sa mata kayan da ba ta sani ba. Maganar ruwa ma akwai ɗan farin tambari a ciki da ke komawa ja in ruwa ya taɓa shi, ka ce a nuna maka da idonka.

Saboda haka kafin ka miƙa, danna *#06# ka rubuta lambar IMEI, wato lambar shaidar wayarka, ka ɗauki bidiyon wayar gaba da baya da wayar ɗan'uwanka a gaban mai gyaran, ana kira ana ji, kyamara na aiki. Cire layi da memori, musamman layin da Orange Money ko MoMo ke kai, hotunan iyali kuma ba abin bari a hannun kowa ba ne, in yana son gwaji ka buɗe masa da kanka kar ka ba da lambar sirri. Kuɗi a rubuta a rasit, da irin sikirin, orijinal ko kwafi, da sharaɗin cewa duk ƙarin da ya taso sai ya kira ka tukuna. Ka ba da rabi, sauran sai ka sa layi ka yi kira, ka jona caji, ka shafa kowane lungu na sikirin kana tsaye a cikin shagon.