Dedlif kala-kala: wanne ya dace da mai neman ƙarfin bayan cinya?

Wani ƙanena da ke aiki a shagon kayan gini a kudancin Jidda ya tara 'yan riyal, yana so ya sayi ƙarfe ya ajiye a saman bene, don ya gaji da biyan kuɗin nadi, wato gidan motsa jiki, duk wata. Bayan cinyarsa ne ya dame shi. Sau biyu ke nan tsokar tana riƙe shi a filin ƙwallo da daddare, daidai lokacin da ya zuba a guje. Ya turo mini hoton wata sanda mai kusurwa shida da ya gani a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, ya ce, "Yaya, in saya?" Na ce masa ba a cinikin biri a sama, ya bari mu fara sanin irin dedlif ɗin da zai yi, wato sunkuyawa a ɗago ƙarfe a miƙe tsaye da shi, ita za ta faɗa mana ƙarfen da za a saya.

Tsokar bayan cinya ba ɗaya ba ce, uku ne. Sun taso daga ƙashin da mutum yake zama a kai, suka gangara suka tsallake gwiwa ta baya. Don haka aikinsu biyu: miƙe ƙugu da lanƙwasa gwiwa. Suna ƙaruwa sosai idan aka ɗora musu nauyi suna a miƙe, wato ƙugu ya koma baya, gwiwa kuma ba ta lanƙwashe da yawa ba. Da wannan ma'auni za ka auna kowane irin dedlif da aka tallata maka.

Dedlif na gargajiya, wanda ake cira daga ƙasa, shi kowa ya sani. Faifan nauyi da ake zura wa sanda a gasa faɗinsa santimita 45 ne, sandar kuma tana tsayawa wajen tsakiyar ƙwauri, sai ka durƙusa kaɗan ka ciro ta. Nauyi na gaske a nan ake ɗaga shi, har Eddie Hall ya ciri kilo 500 a birnin Lids na Ingila a 2016. Amma duba abin da ke faruwa: kana tashi, gwiwa tana miƙewa tana jan tsokar ta ƙasa, ƙugu yana miƙewa yana sakinta ta sama, tsawonta bai canja sosai ba. Aikin ya rarrabu tsakanin gadon baya, mazaunai da gaban cinya. Ga shi yawancin samari da sun kai sama sai su saki ƙarfen ya faɗi, alhali a saukowa ne bayan cinya yake samun rabonsa. Wajen kuɗi ma shi ya fi ci. Kana bukatar faifai masu yawa, na roba, da shimfiɗa mai kauri, in ba haka ba tayil ya fashe, maƙwabcin ƙasa ya hau sama, mai gida ya biyo baya.

Sumo, wanda ake buɗe ƙafafu sosai a riƙe sanda ta tsakiya, ba zan daɗe a kansa ba. Na matsematsi ne da gaban cinya da mazaunai. Mai kyau ne, amma ba shi ka zo saye ba.

Ita kuma sanda mai kusurwa shida da ƙanena ya gani, wani Ba'amurke mai suna Al Gerard ne ya ƙirƙiro asalinta a shekarun 1980, saboda ciwon baya da ya addabe shi. Mutum yana shiga tsakiyarta ya riƙe ta gefe da gefe, nauyin ya daidaita da jikinsa, bayansa ya samu sauƙi. Sai dai wannan sauƙin yana zuwa ne da ƙarin lanƙwasa gwiwa, aikin ya karkata gaban cinya. Tana cin wuri, kuma nauyinta ya danganta da kamfanin da ya ƙera ta. In nadinku yana da ita, yi amfani da ita. Amma ka fitar da riyal ɗinka ka saye ta a matsayin ƙarfenka na farko don bayan cinya, ban ba ka wannan shawara ba.

Wanda nake so ka zaɓa shi ne na Romaniya. Sunan ya samo asali ne daga Nicu Vlad, ɗan Romaniya da ya ci zinare a gasar Olamfik ta 1984 a Los Anjeles. A 1990 ya je San Faransisko, masu ɗaga ƙarfe na Amurka suka ga yana wani irin sunkuyo da sanda, kocinsu Jim Schmitz ya laƙaba wa abin sunan ƙasarsa. Ga duk mai sallah, bayaninsa ba wuya: ruku'u ne da ƙarfe a hannu. Daga tsaye ake farawa. Ka sassauta gwiwa kaɗan ka bar ta a haka, ka tura mazaunai baya kamar za ka rufe ƙofar mota da su, baya a miƙe sambal, sandar tana gogar cinya tana sauka. Da ta wuce gwiwa za ka ji bayan cinya ya ɗaure tamau. Inda ƙugu ya daina komawa baya, nan ne iyakarka, ko da sandar ba ta kai tsakiyar ƙwauri ba. Duk abin da ka ƙara bayan nan, kwankwaso ne yake lanƙwashewa, kuma shi zai biya bashin. Ka sauka a hankali, kamar daƙiƙa 3, ka yi sau 8 zuwa 10, zagaye 3, sau biyu a mako. Ka fara da sanda zalla, kilo 20 ce ta maza, ta mata 15. Kada ka raina ta. Ranar da na fara yi da gaske, kwana uku ina tashi daga sujada kamar tsoho.

Tunda ƙarfen ba ya dukan ƙasa, faifan ƙarfe na hannu ya wadatar, ba sai na roba ba, kuma nauyin da za ka bukata bai kai na gargajiya ba. Abu ɗaya da zan ce ka ƙara shi ne igiyar ɗaure hannu da sanda. A laimar Jidda tafin hannu yana jiƙewa da gumi, riƙo ya ƙare tun cinya ba ta gaji ba. Bel kuwa zai iya jira.

Akwai ɗan'uwansa da ake yawan rikita su, mai sandararriyar ƙafa: gwiwa kusan a miƙe, sanda tana ɗan nesa da jiki, tana sauka har ƙasa. Yana jan bayan cinya ƙwarai, amma kwankwaso yana ɗaukar kaso mai yawa, kuma ba kowa ke da laushin jikin da zai kai ƙasa baya a miƙe ba. Wanda ya yini yana sauke buhunan siminti ko yana tura keken alhazai a Harami, bayansa ya riga ya yi aikin ranar, ya bar wannan.

In ku huɗu ne a ɗaki, babu wurin sanda mai tsawon mita 2.2, sayi dambel, wato guntun ƙarfen da ake riƙewa da hannu ɗaya, guda mai ƙara nauyi ka yi na Romaniya da ƙafa ɗaya. Matsalarsa tangaɗi, maganinsa ka dafa bango da ɗaya hannun.

Wani abu kuma da babu dedlif ɗin da zai ba ka: ɗaya daga cikin tsokokin nan uku tana da guntun reshe da bai kai ƙugu ba, gwiwa kaɗai yake tsallakewa, sai an lanƙwasa gwiwa yake aiki. A nadi akwai injinsa. A gida, ka durƙusa kan matashi, wani ya danne maka idon sawu, ka riƙa faɗawa gaba a hankali kana tare kanka da cinya. 'Yan ƙwallo suna yin wannan don rage yagewar tsoka. Amma wanda tsokarsa ta riga ta yage, ta kumbura ko ta yi baƙi, likita zai fara gani kafin ƙarfe.

In za ka kasuwar Sawarik ta Jidda ko ka haɗu da mai sayarwa daga Haraj, auna ramin faifai. Na sandar Olamfik santimita 5 ne, na ƙananan sanduna wajen rabin haka, ba sa shiga juna. Mirgina sandar a ƙasa, in ta lanƙwashe za ka ga tana rawa. Duba tsatsa, iskar teku ba ta raga wa ƙarfe. A sabon shago kuma tambayi ko farashin ya haɗa da harajin kashi 15 cikin ɗari.

Ƙanena dai ya sayi miƙaƙƙiyar sanda ta hannu, faifai biyu masu kilo 10, biyu masu kilo 20, da igiyar hannu. Abokin ɗakinsa ne yake danne masa ƙafa bayan Isha'i, shi ma yanzu ya ce sai an danne masa.