National Theatre at Home: Dandalin da Ya Adana Wasannin Helen McCrory

Yawancin masu kallo a ƙasar Hausa sun san Helen McCrory ne ta shirin Peaky Blinders, inda ta fito a matsayin Polly Gray, gwaggon da ke riƙe da asusun iyalin Shelby, ko kuma ta finafinai uku na ƙarshe na Harry Potter da ta taka rawar Narcissa Malfoy. Wannan rabin sana'arta ne kawai. Tun daga 1990, bayan ta kammala horo a makarantar Drama Centre da ke Landan, har zuwa rasuwarta ranar 16 ga Afrilun 2021 tana da shekara 52 sakamakon cutar daji, a kan dandamali ta fi nuna gwanintarta, kuma National Theatre at Home, manhajar kallon wasannin dandamali ta intanet, na cikin hanyoyi ƙalilan da wanda bai taɓa zuwa Ingila ba zai iya ganin hakan da idonsa.

Babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasar Birtaniya, wato National Theatre, shi ne ya buɗe manhajar a Disambar 2020, lokacin da annobar korona ta rufe zaurukan kallo. Ana naɗar wasannin ne a gaban 'yan kallo da kyamarori da dama, don haka mutum yana jin tarin jama'a da dariyarsu, har da shirun da ke sauka a zaure idan magana ta yi nauyi.

Wasan da ya fi cancantar kuɗin mai kallo shi ne Medea na 2014, wanda Carrie Cracknell ta ba da umarni, tsohon labarin Girkawa game da matar da mijinta ya juya wa baya domin ya auri 'yar sarki, ita kuma ta rama ta hanyar kashe 'ya'yan da ta haifa masa. McCrory ba ta fito da adon sarauta ba. Ta shigo da singileti da wandon soja, gashinta a hargitse, tana naɗa taba da hannu, kamar matar da ta kwana biyu ba ta runtsa ba. A nan ne amfanin kyamara ya bayyana, domin a wurin da take lallashin mijinta Jason, wanda Danny Sapani ya taka, bakinta yana murmushi alhali idanunta suna lissafi, abin da mai zama a kujerar baya ba zai taɓa hangowa ba. Daga ƙarshe, lokacin da take jan gawarwakin yaran biyu cikin buhunan barci tana ƙoƙarin saɓa su a kafaɗa, ana jin numfashinta yana sarƙewa, kuma babu wani yanka ko maimaici da ya rage mata wahalar, tun da wasan na kusan minti 90 ana yin sa ne a jere ba hutu.

Na biyun shi ne The Deep Blue Sea na marubuci Terence Rattigan, wanda aka gabatar a 2016. Hester, wadda McCrory ta taka, matar alƙali da ta bar gidan mijinta saboda wani tsohon matuƙin jirgin yaƙi, ta fara wasan kwance gaban murhun gas bayan yunƙurin kashe kanta ya ci tura domin kuɗin mita ya ƙare. A ganina wannan ya fi Medea wuya, saboda babu kururuwar da za a ɓuya a bayanta. Yadda take soya ƙwai tana ci cikin kuka a fitowar ƙarshe ya isa darasi ga duk 'yar wasan da ke ganin sai an ɗaga murya ake nuna baƙin ciki.

Sai dai manhajar ba ta ba da cikakken tarihin jarumar ba. Wasannin da suka ɗaga darajarta tun tana matashiya, irin su Uncle Vanya da Twelfth Night da ta yi a gidan wasa na Donmar da ke Landan a 2002 ƙarƙashin darakta Sam Mendes, ba sa ciki, don haka mai kallo zai tarar da ita ne bayan ta riga ta ƙware. Rubutun da ke bin magana a ƙasan allo da Turanci yake, kuma Turancin dandamali yana da zurfi ga wanda bai saba ba.

Batun kuɗi ma abin dubawa ne. Da aka buɗe manhajar, kuɗin wata ya kai kusan fam 10, wanda ba ƙaramin abu ba ne idan aka mayar da shi naira ko sefa, ga kuma datar da wasa mai tsawon sa'a biyu zai lashe. Akwai damar hayar wasa ɗaya na kwana uku, kuma ga wanda McCrory kaɗai ta kawo shi wannan ya fi sauƙi. Wanda ya biya na wata kuwa, kada ya wuce Phèdre da jaruma Helen Mirren ta fito a ciki, wasan National Theatre na farko da aka haska kai tsaye a silima a 2009, da kuma Three Sisters na marubuci Inua Ellams, wanda ya mayar da labarin Chekhov, marubucin ƙasar Rasha, garin Owerri a shekarun yaƙin basasar Najeriya.