Yaya, Kafin In Aiko da Injin Iskar Baba

Assalamu alaikum Yaya. Ya mai jiki? Allah Ya ƙara wa Baba afuwa, Ya sa kaffara ne.

Na saurari saƙon muryarka har sau uku. Ka ce in nemo masa injin oksijin wanda ya fi kowanne ƙarfi, tunda kun gaji da jigilar silinda. Zan nemo in Allah Ya yarda, amma maganar ƙarfin nan ta tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna na rubuto maka a tsanake.

Shekarata huɗu ke nan a Ingila ina kula da tsofaffi a gidajensu, kuma da yawansu da robar iska a hanci nake iske su. Injin nasu ba wani abin a zo a gani ba ne, irinsa ake sayarwa a gida: akwati mai tayoyi da ke zuƙar iskar ɗaki, wadda kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin a cikinta, ya tace ta ya fitar da kashi 90 da ɗoriya. Hidimar da ke biye da injin ce ba mu da ita. A tsarin NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnatin Ingila, ba majinyaci ke zaɓa ba. Sai an ɗebi jininsa a wuyan hannu ko a fatar kunne an auna, yawanci sau biyu da tazarar mako uku. Sannan a cike takarda: lita kaza a minti, awa kaza a rana, galibi ba ƙasa da awa 15 ba. Kamfani ya kawo injin ya haɗa, ya ajiye silinda ta ko-ta-kwana, ya riƙa zuwa dubawa, har kuɗin wutar da injin ya ci ana mayar wa mutum. Jiran layin awon kam yana da cin rai, kuma tsohon nan shi kaɗai yake kwana da ƙugin injinsa, abin da ba zai taɓa samun Baba ba.

Watana biyu da fara aiki na kusa yin aika-aika. Wani dattijo mai ciwon toshewar huhu, wanda likitoci ke kira COPD, na same shi yana haki bayan ya fito daga banɗaki. Na maƙala masa 'yar na'urar awon oksijin na jini a yatsa ta nuna 89. Gabana ya faɗi, na kai hannu zan murɗa injin daga lita 1 zuwa 4. Caraf ya riƙe mini hannu. Bai iya magana ba saboda haki, sai ya zaro wani kati daga aljihun rigarsa ya miƙo mini. A jiki an rubuta cewa a tsayar da shi tsakanin 88 da 92. Ashe 89 ɗin da ta firgita ni, a wurinsa daidai ce.

Nas ɗin da ke zuwa duba shi ce ta warware mini. Ƙa'idar ƙungiyar likitocin ƙirji ta Birtaniya, wadda ta fito a 2008 aka sabunta a 2017, ta ɗauki oksijin a matsayin magani kamar kowane magani, da adadinsa. Yawancin majinyata ana neman 94 zuwa 98. Masu irin ciwon dattijon nan kuwa, in aka cika musu, gurɓatacciyar iskar da ya kamata su fitar, wato kabon dayoksaid, sai ta taru a jini. Abin tsoron shi ne yadda take yaudara: ciwon kai, sai gyangyaɗi, sai ruɗewa, sai barci mai nauyi. Masu jinya su ce alhamdu lillahi ya samu ya runtsa, alhali suma ce ke tafe. An gwada wannan a motocin ɗaukar marasa lafiya a Tasmaniya ta Ostiraliya, aka wallafa a 2010. Cikin mutum 405, waɗanda aka sakar wa iska da yawa kashi 9 suka rasu, waɗanda aka ba gwargwado kashi 4.

Ko mai lafiyayyen huhu ma bai tsira ba in abin ya yi yawa ya daɗe. Tun 1899 wani likita Lorrain Smith ya nuna cewa oksijin mai kauri yana ƙona huhu a hankali, ya fara da zafin ƙirji da busasshen tari. Kafin shi, a 1878, Paul Bert na Faransa ya ga yana jawo jijjiga kamar farfaɗiya, amma wannan sai a ƙarƙashin matsin iska, irin na masu nutso a teku, injin gida ba ya kai wa can. Waɗanda suka fi ba ni tausayi bakwaini ne. A shekarun 1940 zuwa farkon 1950, asibitocin Amurka da Turai suna cika kwalbar jarirai da oksijin da kyakkyawar niyya, dubban yara suka makance, sai a 1951 wata likita a Melbon ta Ostiraliya, Kate Campbell, ta danganta abin da iskar. Da aka gane sai aka zarce wajen ragewa, mutuwar jarirai da lalacewar ƙwaƙwalwa suka ƙaru. Yanzu ana tsayar da su wajen 91 zuwa 95, kuma a nan duk jaririn da bai kai kilo ɗaya da rabi ba sai likitan ido ya duba shi.

Kada ka karanta wannan ka ji tsoron iskar, Yaya. Rashinta ya fi saurin kisa nesa ba kusa ba, kuma a gida shi ne babbar matsalarmu. In leɓen Baba ya sauya launi ko numfashi ya gagara, a sa masa a garzaya asibiti.

Game da kayan da kansu. Na Ingila zan saya, don wutarsu 230 ce kamar tamu, na Amurka kuwa 120 ne, sai an haɗa da taransifoma. Ka kuma rabu da ƙananan nan masu kyawun gani da ake talla a intanet. Da yawansu in ka murɗa su zuwa ƙarshe iskar ce ke ƙaruwa, oksijin ɗin cikinta ya zube har ya kusa komawa iskar ɗaki. Na asibiti mai lita 5 yana riƙe kaurinsa, sai dai yana son wuta ba yankewa, don haka kada ku mayar da silindar.

Zan haɗo da na'urar yatsa guda biyu, amma ka san halinta. Wani bincike daga Jami'ar Mishigan ta Amurka a 2020 ya nuna tana yi wa baƙar fata ƙarin maki, har ta ɓoye ƙarancin oksijin kusan ninki uku fiye da yadda take yi wa farare. Ni kaina na daina yarda da lamba ita kaɗai. Ka duba numfashinsa da hankalinsa, ka ɗumama masa yatsa kafin awo.

Sai batun gobara. A nan har 'yan kwana-kwana ake sanar wa cewa akwai oksijin a gida kaza. Mita 3 tsakaninsa da kyandir ko murhun gas, ba sigari ko kusa, kuma ba a shafa Vaseline a hanci ko da robar ta busar da shi, mai na ruwa ake nema. Ka tuna gobarar asibitin Ibn al-Khatib na Bagadaza a Afrilun 2021, silinda ce ta fashe, mutum 82 suka rasu.

Don Allah ranar da za ku koma wurin likita ka roƙe shi ya rubuta abu uku a takarda: lambar da za a tsayar da Baba a kai, lita nawa, awa nawa a rana. Ka ɗauki hotonta ka turo mini, da ita zan je sayen injin. Asalin takardar kuma a liƙa ta a bango saitin gadonsa, saboda masu zuwa dubiya, ka san ba a rasa mai hannun taimako da zai murɗa.

A gaida Inna da su Anti da yara. Ka sa mini Baba a waya ranar Juma'a in ya samu ƙarfin magana.

Ƙanwarka.