Haihuwa a Bronx da matar da ta zauna kusa da ni

Yaya, kin ce in ba ki labarin haihuwa a nan, tunda ku a gida gani kuke duk wadda ta haihu a Amurka ta huta. Kayan aiki kam akwai. Ba a ce in zo da safar hannu ko auduga ba, ba a tura maigida neman jini ba, wuta ba ta ɗauke ba. Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, ita ta biya komai. Kusan haihuwa 4 cikin 10 a ƙasar nan ita ke ɗaukar nauyinsu.

Sai dai akwai abin da ban sani ba sai da na ɗauki ciki. Baƙar mace a nan ta ninka farar fata kusan sau uku wajen mutuwa ta dalilin ciki ko haihuwa. A 2021, lokacin korona, hukumar lafiya ta CDC ta ƙirga mutuwar baƙaƙe 69.9 cikin kowace haihuwa 100,000, farare kuwa 26.6. Ba talauci kaɗai ba ne. Serena Williams, shahararriyar 'yar wasan tennis, duk kuɗinta da sunanta, da ta haihu a 2017 sai da ta yi ta naci kafin a ɗauki hoton huhunta a ga gudan jini. Ki faɗi ciwonki a ƙi jin ki, wannan shi ke kashe mata da yawa.

Shi ya sa ake haɗa mu da wadda suke kira dula. Ba ungozoma ba ce: ba ta karɓar haihuwa, ba ta yanke cibi, ba ta ba da magani. Aikinta ta tsaya miki. In da kuɗinki za ki ɗauko ta, sai ki kashe dala dubu ko fiye, amma jihar New York da muke ciki ta fara biya ta Medicaid a duk faɗin jihar a watan Maris 2024. Jihohin Oregon da Minnesota sun riga ta tun 2014.

Tawa baƙar fata ce, 'yar unguwarmu. Daren naƙuda ba ta runtsa ba. Duk sanda ciwo ya taso sai ta sa tafukanta biyu ta matse min ƙugu. In likita ya zuba Turanci da sauri, ta ce ya maimaita a hankali, ta juyo ta tambaye ni ko na yarda. Ita ta riƙa gyara min mayafi, ita ta roƙi a ɗan yi shiru har Baban yara ya yi wa jaririya huɗuba.

Kwana biyu aka sallame ni. Ran na biyar kaina ya riƙa sara, ƙafafu suka kumbura, ina gani dishi-dishi. Na buga waya asibiti, aka ce in sha ruwa in kwanta. Da na gaya wa dular tawa sai ta ce in auna jinina yanzu-yanzu. Ya kai 160 bisa 110. Ta zo da kanta ta raka ni sashen gaggawa, ba ta matsa daga gaban teburinsu ba sai da aka ba ni gado. Hawan jinin bayan haihuwa ne, wanda ke kai mace ga jijjiga. Wallahi, Yaya, da na bi maganar farko da kwanciyata zan yi.

Ina kwance ana min ƙarin ruwa na tuna Inna. Abin da ake biyan dala a kansa, ita da Gwaggo kyauta suke yi mana har arba'in, ga ruwan wanka, ga tuwo da zafinsa. A nan ko mai ɗora min ruwa ban samu ba. Amma su ba a koya musu alamomin nan ba, kuma asibitocinmu da yawa a bakin ɗakin haihuwa ake tsayar da su. Kunun kanwa ma likita ya hana ni saboda jinin.

Na sa na'urar awon jini cikin kayan da zan aiko. Ta autarmu ce, tunda watanta ya kusa. Don Allah ki riƙa auna ta kullum har a yi arba'in, in ta ce kanta na sara kada a jira gari ya waye.