Sharhi kan tsohon injin kafinta mai aiki biyar

Injin da nake magana a kai tsohon ƙirar Turai ne na gwanjo, irin wanda ke haɗa zarto, filena, daidaita kauri, fitar da ado da huda rami a jiki ɗaya. Faɗin filenarsa milimita 310 ne, wuƙaƙe uku, tebur na zubin ƙarfe. A ganina ya cancanci kuɗinsa ga ƙaramin shago a Katsina, muddin mai shi zai kula da shi da kansa.

Boris na sandar wuƙaƙe ne ke fara mutuwa. Sandar tana juyi kusan sau 5,000 a minti, ƙurar hunturu kuma tana haɗuwa da garin katako ta shige ciki ta cinye giris. Za ka ji gurnani, gidan boris ya yi zafi, katako ya fito da ƙananan tudu-tudu. Cire bel, juya sandar da hannu. In ka ji kamar yashi, ya gama. Karanta lambar da ke jikin tsohon, ka sayi mai murfin roba gefe biyu, ka canza boris na duka bakin sandar biyu tare. Kada a buga shi da guduma kai tsaye, a ɗora bututu daidai da zoben ciki.

Saita wuƙaƙe shi ne aikin da na fi so a yi a natse, domin yawancin ƙorafin da ake yi wa injin daga nan yake. Kada wuƙa ta leƙo fiye da milimita 1 daga jikin sanda. Kashe wuta, ɗora miƙaƙƙen katako a teburin fita, wato wanda katako ke hawa bayan ya wuce wuƙaƙe, juya sandar a hankali: kowace wuƙa ta ja shi milimita 3 zuwa 5, a dama da hagu. In ta wuce haka, za ta ƙwaƙule ƙarshen katako. In ta gaza, katako ya tokari bakin tebur. A ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe.

Ƙaron katako kuwa, kananzir ke wanke shi daga tebur da rola. Bayan ya bushe a goga kyandir. Baƙin mai kuwa, in an shafa shi a tebur, yana ɓata katakon madaci, yana kuma tara ƙura.

Wajen wuta ne injin ba ya yafiya. Motarsa ta layi uku ce, kuma in layi ɗaya ya ɗauke tana aiki, kwayil zai ƙone cikin ɗan lokaci. A sa na'urar da ke yanke wuta in layi ya faɗi. Kuɗinta bai kai na sake naɗa kwayil ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake cire ƙarfen da ke bayan zarto wai yana tare hanya. Shi ke hana katako matse zarto ya dawo wa mai aiki a ƙirji. A mayar da shi, tazararsa da haƙoran zarto kada ta wuce milimita 8.